Neman Shofaj a Garin Zafi

Shekarun baya, lokacin ina koyar da tarihi a wata lise, wato babbar sakandare, a nan Yamai, na ɓatar da lokacin sanyi guda cur ina yawo tsakanin garaji da kasuwa, ina neman abin da zai sa cikin mota ya yi zafi. Na san yadda maganar take sauka a kunne. Garin da ƙarfen ƙofar mota yake ƙona tafin hannu kusan duk shekara, a ce mutum ya fito yana cigiyar ɗumi. Waɗanda suka yi mini dariya a lokacin ban riƙe su a zuciya ba. Da ni ne zaune a bencinsu da na fi su darawa, don ni har misali daga tarihi zan kawo.

Motar tsohuwa ce, irin waɗanda Turawa suke gama cin ƙuruciyarsu sannan su turo mana ta Kwatano su ƙarasa tsufa a hannunmu. A tablo ɗinta, wato allon nan da ke gaban direba, akwai wani maɓalli mai juyawa, gefe guda shuɗi, gefe guda ja. Tun ranar da na saye ta yana kan shuɗi. Ban taɓa tambayar kaina aikin jan ba, kamar yadda ɗalibaina ba sa tambayar abin da ke shafukan ƙarshe na littafi.

Kafin in ci gaba sai na gaya muku yadda nake da mahaifiyata, in ba haka ba sauran labarin zai zama na mai taɓin hankali kawai. Ni ne ɗanta na fari. Asalinmu mutanen wajen Tibiri ne, aikin gwamnati ya kawo mahaifina Yamai, ita kuma ta tashi a zamanin da kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, ban dawo gidanmu ba sai da na isa shiga kwaleji. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta zama inda nake zaune. Idan na gaishe ta, bango take amsa wa, ko tabarma. Idan tana son in san wani abu sai ta dubi ƙanwata, ina tsaye a wurin, ta ce ki ce ma yayanki kaza. Na karanta bayanin wannan al'ada a littattafan masu bincike, har na taɓa koyar da ita a aji, da alli, da kanun magana na ɗaya da na biyu. Duk wannan bai hana ni, ina da furfura a gemu, jin kishi ba idan na ga tana hira da ƙannena tana dariya.

Bayan rasuwar mahaifinmu ta koma wurin ƙanwata a Tondibia, can bayan gari, a wani gida da ke gangaren kogi. A can ciwon ƙoda ya kama ta. Aka yi ta magani har likitoci suka ce babu sauran dabara sai wankin jini da inji, abin da suke kira diyaliz, wasu ranaku a kowane mako, kuma aka sa ta a layin farko na safe. A duk dangi ni kaɗai ke da mota. Don haka da an sallame asuba sai in taso daga unguwarmu Bobiel, in gangara Tondibia in ɗauke ta, in kai ta asibiti, in wuce aji. Ƙanwata tana da yara ƴan makaranta, sai ta sallame su take biyo mu. Ka ga ke nan a karo na farko a rayuwata ni da mahaifiyata muka zama mu biyu a wuri ɗaya, ba mai isar da saƙo. Ta warware matsalar cikin sauƙi: ta zauna a baya, daidai bayan kujerata, inda ko madubi ba ya kamo ta. Muna tafiya ba mai cewa uffan, kamar direba da matar gwamna.

Sai sanyi ya shigo. Wanda bai taɓa zuwa bakin kogi da sassafe a watan sha biyu ba bai san Yamai tana da wata fuska ba. Ga shi kuma masu wannan ciwo jininsu ba ya riƙe ɗumi. Wata safiya ina tuƙi na riƙa jin wata ƙara ƙasa-ƙasa a bayana, na ɗauka wani ƙarfe ne ya saki. Haƙoranta ne. Ba ta ce komai ba, kuma na san ko za ta daskare ba za ta ce ba. Nan jan nan ya faɗo mini a rai. Na murɗa maɓallin. Motar ta yi wani tari, ta huro warin tsohon bargo, can sai ga iska mai ɗumi tana fitowa ta wajen ƙafafu.

Matsalar ita ce ɗumin a gaba yake tsayawa, kaɗan ne yake kaiwa baya. Na gaya wa ƙanwata, ita kuma ta ɗauki kwanaki tana lallashi. Ban san da wace hujja ta ci nasara ba, amma wata safiya na ga Inna ta zagayo, ta buɗe ƙofar gaba, ta zauna a gefena, ta juya fuskarta ga taga kamar an ce mata akwai abin kallo a duhun gonakin. Muka hau gudron, wato kwalta. Na ji ta zare takalmi, ta miƙa ƙafafunta inda iskar take fitowa. Can ta ce wa gilashi:

“Ashe motar ga tana da murhu.”

Na ce, “Tana da shi, Inna.”

Ba ta amsa ba, don ai ba da ni take ba. Amma daga ranar ta fara magana. Gilashin gaba take yi wa hira, ni kuma an bar ni in saurara. Ta ba shi labarin yadda kifi ya yi tsada, da yadda mahaifina ya taɓa faɗawa rami da babur ɗinsa sabo ranar da ya saye shi, ya hana a gaya wa kowa. Wata rana ta ce, ran da aka tahi da wani yaro Tibiri ruwa aka kwan yi, har zanen goyon bai bushe ba aka ɗauke shi da shi haka nan. Ta ƙara da cewa zanen mai ruwan ƙasa ne. Wannan wani yaron yana riƙe da sitiyari, yana kallon hanya kamar ransa ya dogara da ita. Zan faɗi gaskiya, na fara rage gudu. Na gano wata hanya da ta fi tsawo, na ce wa kaina ta fi kyau ga tayoyi.

Abin bai daɗe ba. Wata safiya gilashin ya riƙa yin hazo ta ciki, ina gogewa yana dawowa. Washegari Inna ta ɗaga ƙafa ta ce wa taga wai murhun ya fara fitsari. Na duba, shimfiɗar ƙasa ta jiƙe sharaf da jan ruwa mai tsatsa, allurar zafin inji kuma ta haura inda ban taɓa ganinta ba.

Makanikena yana da rumfa a bayan kasuwar Wadata. Bazabarme ne, kuma tunda ni Bagobiri ne, abokan wasa muke, tsakanina da shi babu gaisuwa sai zagi. Tun da na san shi bai taɓa kirana da wani abu ba sai bawana, in ya ga dama ya ƙara da Mushe, wato malam da Faransanci, don girmama alli. Ya leƙa ƙarƙashin tablo, ya shafa, ya sinsina, ya ce ƙaramin radiyato ne ya huje. Ya bayyana mini cewa a can ciki akwai wani ɗan radiyato da bai fi ƙamus girma ba, ruwan zafi daga inji yana shiga cikinsa ta tiyo biyu, fanka tana hura iska ta jikinsa, shi ne shofaj. Shekarun da muka yi muna ɗura wa motar ruwan famfo su suka cinye shi.

Na tambaye shi magani. Ya ce maganin tun ranar da motar ta shigo ƙasar nan ya kamata a yi shi. Ya buɗe gaban motar, ya zare tiyo biyun, ya haɗa bakinsu da guntun bututu ya ɗaure, yadda ruwan zai zagaya ya koma inji ba tare da ya shiga ciki ba. Kafin mai shayi ya sauke na biyu ya gama.

Na ce, “Shi ke nan?”

“Shi ke nan, bawana. Duk motar da ka gani a garin nan haka aka yi mata. Shofaj na mutanen da Allah bai ba rana ba ne.”

“To idan ina son zafin fa?”

“Ka sauke gilashi ka jira watan uku.” Ya juya ga masu zaman rumfar. “Kun ji Bagobiri. Ko a tanderun burodi aka sa shi sai ya tambayi bargo.”

Na yi dariya tare da su na tafi. Ban gaya masa dalili ba. Kunyar nan ashe ba gefe ɗaya take ba, ni ma ban iya buɗe baki a cikin maza in ce uwata tana jin sanyi ba.

Washegari Inna ta shiga gaba, ta zare takalmi, ta jira. Na ce wa ƙanwata, da ke tsaye a bakin taga, ta gaya mata murhun ya lalace. Rana ta gaba ta koma bayan kujerata, gilashi kuma bai sake jin labari ba. Muka gwada barguna, muka gwada safa biyu, muka gwada kwalaben ruwan zafi a naɗe cikin zane. Kafin mu kai rabin hanya sun huce, ƙarar haƙoran ta dawo. Tana isa asibiti a sandare, jijiya ta ɓuya, ma'aikatan su yi ta soka allura suna nema.

Wata safiya na tarar da ƙanwata a ƙofar gida riƙe da kaskon garwashi, an yayyafa masa toka. Inna ta ce a sa mata a ƙasan kujera. Na ƙi. Kuma ban tsaya ga ƙi ba, sai da na yi darasi a kan iskar gawayi a rufaffen wuri, da yadda take kashe mutum ba tare da ya farga ba, ina tsaye a ƙofar gida da yatsa a sama kamar ina gaban allo. Gaskiya na faɗa, har gobe gaskiya ce. Inna ta saurara tana kallon kaskon, sannan ta ce wa ƙanwata, “Maida shi ɗaka. Masu ilimi sun hana.”

A makon da ya biyo baya ta ƙi fitowa ranar wanki. Na tsaya a tsakar gida, ƙanwata tana shiga tana fita da saƙo. Na ƙarshen shi ne: ki ce ma yayanki ba injin nike gudu ba, hanyar nike gudu. A asibiti babban ma'aikacin sashen ya ja ni gefe ya ce wannan ciwo ba ya yafe fashi, duk zaman da aka tsallake jiki yana rubutawa.

Daga can garaji na wuce, na ce a canza ƙaramin radiyaton. Makanikena ya fara shirya sabon zagi, sai na gaya masa dalili. Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa sa wa mota wannan abu ba, cirewa kawai ya sani, amma tunda don tsohuwa ne, za a yi.

A nan ne al'adar garinmu ta shigo. A Yamai ba a sayen kayan tsohuwar mota da suna ko da lamba, da samfur ake saye. Ka ciro wanda ya lalace, ka riƙe shi a hannu, ka bi shaguna ana ɗora shi a kan ɗan'uwansa ana dubawa. Dabara ce mai kyau ga abin da ake kwancewa da kusoshi biyu. Shi wannan kuwa, ina jin wanda ya ƙera motar shi ya fara ajiyewa a ƙasa, sannan ya gina sauran motar kewaye da shi. Kafin a kai gare shi sai an sauke sitiyari, an sauke tablo gaba ɗaya, an zare wayoyin da ke bayansa. Motar da aka yi wa haka ba ta motsi. Daga ni har makaniken babu wanda ya ga aibin a fara kwancewa sannan a nemo, don haka kowa yake yi. Hutun ƙarshen shekara ya zo, na ce kwana kaɗan ne, mu yi haya ta taksi kafin nan.

Ranar da na dawo na ga motar, da ƙyar na gane ta. Cikinta ya zama kamar an fede rago, wayoyi kala-kala suna reto, tablo yana kwance a kan kujerar baya, an tara kusoshi a gwangwanin madara. Makaniken ya miƙo mini wani ɗan abu mai tsatsa, mara nauyi, ya ce ga mai laifin.

Na sa shi a leda na shiga kasuwa. Na fara da shagunan Wadata, na bi masu sayar da kayan motocin da aka farfasa, na kai har wuraren da ban san suna cikin Yamai ba. Wani ya juya shi ya tambaye ni ko na firij ne. Wani ya ce ko ƙanƙara ake jira a unguwarmu. Wani ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ga mutumin da ke neman shofaj, kamar an kawo kura kasuwa. Kowa kuma, bayan ya gama dariya, sai ya ce in dawo gobe, akwai wani ɗan'uwansa da yake da shi. A garinmu ɗan kasuwa ba ya cewa babu, yana ganin rashin ladabi ne. Na yi ta komawa goben nan har masu turin kura suka fara gaishe ni.

Wani dattijo mai tsofaffin ƙarafa ne ya tausaya mini ya gaya mini gaskiya. Ya ce idan aka fasa mota, kowane yanki nata yana da mai nema, har murfin toka, ban da wannan. Shi a kilo ake sayar da shi ga masu narka alminiyom suna zuba tukwane. Ya ce, “Malam, je ka duba madafar gidanka. Wataƙila da shi ake tuƙa maka tuwo.”

Duk da haka na samo wasu, a ƙarƙashin tarin ƙarafa. Makanikena yakan toshe baki ɗaya da yatsa, ya nutsa shi a bahon ruwa, ya hura ɗayan. Kowannensu sai ya yi ta kumfa kamar tukunya ta tafasa. Muka kai namu wurin mai walda, ya ce gefunansa roba ne, wuta ba ta zuwa kusa. Ya liƙe da wani gam da ya rantse yana riƙe jirgin sama. Ya riƙe a ruwan sanyi. Da muka zuba na zafi ya saki.

Duk wannan lokaci Inna a taksi take zuwa. Mutumin kirki ne direban, amma gilashinsa na baya ba ya rufuwa sai an cusa kwali, kuma rediyonsa ba ta mutuwa. Nakan zo da babur ɗin aro in zauna gaba, ita da ƙanwata a baya cikin barguna. Ba ta magana. Ta sake yin fashi, ta kuma sakewa. Ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Makanikena ya ce ko mu mayar da tablon haka nan, in ci gaba da kai ta ko babu zafi. Amma mayarwar aikin kwanaki ne, sake kwancewa ma haka, ga wasu maƙalai sun riga sun karye, kuma kullum akwai wanda ya yi alkawarin gobe. Na ce a ƙara jira. Na riga na sa a raina cewa in dai iskar nan ta dawo, za ta dawo kujerar gaba, in ta dawo kujerar gaba za ta daina fashi, in ta daina fashi, to, ban taɓa ƙarasa wannan jimlar ba ko a zuciyata.

Daga ƙarshe mijin ƙanwata ya haɗa ni da wani abokinsa direban babbar mota da ke zuwa Kwatano. Ya ɗauki hoton samfurin ya tafi. Ya dawo da wani mai kyau, mai sheƙi, bakin tiyonsa yana kallon hagu, namu yana kallon dama. A tafiya ta biyu na ba shi samfurin kansa. Na koma aji ina koyar da faɗuwar dauloli, ina duba waya a ƙarƙashin tebur kamar ɗalibin da nake kora waje.

Kafin ya dawo an kwantar da Inna a asibiti, ruwa ya taru mata a ƙirji. Kafin ya dawo kuma sanyin ya tattara ya tafi, yadda yake tafiya a nan, dare ɗaya, ba sallama. Ranar da aka kawo abin mutane sun riga sun fara kwana a tsakar gida. Daidai yake, baki da baki. Na riƙe shi a hannu a tashar manyan motoci, gumi yana bin bayana, na rasa ko murna zan yi.

Makanikena ya ajiye duk aikin da ke gabansa ya haɗa motar. Kusoshi suka yi saura a gwangwani, ya ce Turawa ne da almubazzaranci. Ya tayar da inji, ya jira, ya murɗa jan, ya sa hannu a ƙasa. Iska ta fito mai zafi kamar bakin tanderu. Masu zaman rumfar suka fara shewa, ya juya ya dube su, suka yi shiru. Ya miƙo mini makulli ya ce, “Je ka ɗauko tsohuwa, Mushe.” Ranar bai ce bawana ba, kuma na fi son da ya ce.

Bayan kwana kaɗan likita ya kira ni da ƙanwata, ya yi mana irin maganar nan da ake farawa da sai haƙuri. Zuciyarta ba za ta ƙara ɗaukar injin ba. Ya ce in tana son gida, a kai ta gida. Tana so.

Da tsakar rana aka sallame mu, a watan uku, rana tana dukan gudron har yana walƙiya. Ma'aikatan suka ɗauko ta suka sa a kujerar gaba ba tare da sun tambayi kowa ba, ita kuma ba ta ce a mayar da ita baya ba. Wannan ya fi maganar likita tsorata ni. An lulluɓe ta da bargo biyu, amma tana rawar ɗari. Ƙanwata ta shiga baya. Na rufe gilasai duka, na murɗa jan har ƙarshe, na sa fanka a kan mafi ƙarfi, na gyara mata ƙafafu da hannuna zuwa inda iskar take fitowa. Ban tuna na taɓa taɓa ƙafarta ba kafin ranar.

Aikin ya yi kyau, wannan ba a ƙwace wa Bazabarme ba. Kafin mu fita gari rigata ta manne da kujera, gumi yana shiga idona, iskar tana gasa mini ƙwauri. Ƙanwata tana fifita da gefen mayafi tana numfashi da baki. Masu babur suna wuce mu suna leƙen motar da aka rufe ruf a wannan rana. Na bi gajeriyar hanya. Ina ta satar kallon Inna, ina jira ta motsa yatsun ƙafa, ko ta saki kafaɗa, ko ta dubi gilashi.

Mun kusa gangarawa Tondibia ta buɗe ido. Ta ɗan juya kai wajen ƙanwata, da wata murya da sai an kasa kunne, ta ce:

“Har yanzu ba a samu murhun ba?”

Iskar tana kaɗa gefen bargonta a lokacin da take tambayar. Na ga ƙanwata a madubi ta buɗe baki. Na riga ta.

“Ba a samu ba tukuna, Inna. An ce yana hanya.”

“To. Allah shi kawo shi.” Ta rufe ido. Can ta ƙara da cewa, “Ki ce ma yayanki kar shi wahal da kai nai.”

Ban kashe shofaj ɗin ba har muka tsaya a ƙofar gida. Ƙanwata ta fita ta jingina da bango, ban san ko zafin ne ko kuka ba, ban kuma tambaya ba. Inna ba ta sake shiga mota ba. Ta rasu kafin ruwan farko.

Malamin makaranta ba ya son a tashi aji ba a rubuta taƙaitawa a allo ba, kuma na san wasunku suna jiran darasi. Abin da nake da shi kaɗan ne. Na iya sauke tablon mota, ilimin da ba wanda ya taɓa nema a wurina. Na kuma lura cewa idan aka ɗora wa mutum ciwon da ba shi da kusoshi, sai ya je ya nemo wani abu mai kusoshi ya yi ta kwancewa, don hannunsa ya sami abin yi. Masu ta'aziyya sun ce Allah yana duba niyya, na ce amin, kuma da gaske na faɗa.

Daga baya na haɗu da likitan nan a wani ɗaurin aure, na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina: da ban kwance motar ba, da na ci gaba da kai ta da kaina, ko da an sami abin da wuri, da wani abu ya canza? Ya yi tunani, don mutum ne mai gaskiya, ya ce a yadda ƙodar da zuciyar suka kai, bai ga alama ba. Ya dafa kafaɗata, yana ganin ya sauke mini kaya. Na yi masa godiya. Amma a hanyar gida na gane na fi son da ya ce laifina ne. Mai laifi aƙalla yana da hannu a cikin abin da ya faru. Ni kuwa duk yawon nan, da ledar, da dariyar kasuwa, da jiran Kwatano, a gefen labarin na yi su, labarin yana tafiyarsa bai ko waiwaye ni ba.

Ba na jin zafin abin kullum. Yakan zo ne idan sanyi ya shigo, na fito sallar asuba na ji iska ta ratsa riga. A lokacin ba na iya doguwar addu'a, guda ɗaya ce take zuwa bakina, ita nake roƙon wanda ya karanta har nan ya taya ni da ita: Allah ya sa tana inda ba a jin rana, ba a jin ɗari.